Ranar da Muka Raka Biri

Ladan bai sauke kiran asuba ba mun riga mun shirya: ni, ƙanena, 'yar riƙona, sai na huɗunmu wanda dominsa aka yi tafiyar, wato biri a cikin kwandon kaji an lulluɓe shi da buhu. Ƙanen nawa bakanike ne. Shi ya sayo shi a hannun wani maharbi a bakin hanya tun yana ɗan mitsitsi, gawar uwarsa na rataye a sanda. Da madarar gwangwani aka raine shi a gidanmu na Asawase. Da ya girma sai cizo, sai yaga shanyar mutane, in aka bugo ƙofa ya yi ta ihu kamar ana yanka shi. Mai gidan haya ya ce ko biri ko mu. Nan aka ba mu labarin wani wuri bayan Techiman da ake karɓar irinsa.

Yarinyar kuwa ta ƙanwata ce marigayiya. Shekararta huɗu, kuma tun rasuwar uwarta ake yawo da ita gida-gida kafin ta faɗo hannuna. Ba ta yarda a taɓa ta. Ta ɓoye burodi a ƙarƙashin katifa, ta gantsara wa 'ya'yan maƙwabta cizo, kullum tana rungume da wani tsohon zanen uwarta da ba ta bari ko ruwa ya gani. Gaskiya na gaji. Mun ma gama magana da gwaggonta ta Tamale cewa bayan Sallah za a kai ta can. Na taho da ita ne kawai don birin nan shi kaɗai take zama kusa da shi.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake hawa, ba sallama ba gargaɗi. Yaron mota ya leƙa kwandon, ya ja baya.

"Ei, Hajiya! Wannan fasinja ma zai biya o."

Ƙanena ya ce a cinya zai zauna, kuma ya fi wasu fasinjojin hankali. Aka yi dariya aka ƙyale mu. Ashe bakinsa ya yi sauri.

Birin yana da wani tsumma da yake ƙanƙamewa tun yana jariri. Wari yake, ba na wasa ba. Ni kuwa ba zan shiga motar jama'a da wannan abin kunya ba, don haka jajiberin tafiya na sa sabulu na wanke shi tas, har na turara. Ba mu kai Offinso ba ya shinshina tsumman, ya yi wurgi da shi, ya fasa ihu. Ya dinga jijjiga gaba da baya yana cizon hannunsa. Wata mata mai kwandon kifi ta hau faɗa da Turanci da yaren Asante a haɗe, direba ya ce zai sauke mu. Ina ba da haƙuri sai na ji tsit. Na waiga. Yarinyar ce ta cusa gefen zanen uwarta ta ramin kwandon, shi kuma ya damƙe da hannu biyu ya tura fuskarsa ciki.

Haka muka wuce Akumadan, tumatir jibge a bakin titi jawur, arha har ya ba ni haushi in na tuna yadda ake auna mana shi a kasuwar Asawase. A Techiman muka ci wake da shinkafa a ganye, mai sayarwar 'yar Zongon can ce, wato unguwar Hausawa, da ta ji Hausarmu ta ƙara mana ƙwai. Doya kuwa ga ta nan tsibi-tsibi, sai da na kawar da kai don ban zo da wani buhun da zan zuba ba. Daga nan muka shiga tasi. Kwalta ta ƙare, sai jar hanya da ramuka cike da ruwan sama, gonakin kashu hagu da dama.

Da muka isa wurin, wadda ta tarbe mu likitar dabbobi ce, ba ta wuce sa'ar ƙanena ba, tana jin Hausar kasuwa. Da na ba ta labarin tsumman sai ta dafe kai.

"Maame, kin wanke? Wannan warin shi ne mamansa fa."

Ta zaunar da mu ƙarƙashin bishiya, birai na daji suna tsalle a samanmu, kowace uwa da ɗanta manne a ciki. Ta ce akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, serotonin, da ke taimakawa wajen kwantar da rai. Birin da aka raba da uwa da wuri, sau da yawa sinadarin ba ya aiki a jikinsa yadda ya kamata, sai ya tashi da tsoro da saurin faɗa, abu kaɗan ya firgita shi. Ba mugunta ba ce. Ta ce ba za a sake shi daji ba, 'yan uwansa za su far masa. Za a ajiye shi kusa da wata tsohuwar birinya mai haƙuri, wataƙila a hankali ya koyi zama. Ba ta yi mana alkawarin zai warke ba. Abu ɗaya ta nanata: kada a ƙara canza masa hannu.

Ita biri take nufi. Ni kuwa idona na kan yarinyar.

Da aka zo rabuwa birin ya ƙi sakin zanen. Ƙanena ya ja, ya ja, ina! Na ɗauka yarinyar za ta birkice. Sai ta ɗago ta dube ni, ita da ba ta haɗa ido da kowa.

"Yaga masa kaɗan."

Na kama gefen zanen na yaga. Kuka na yi, ba zan ɓoye muku ba.

A dawowa barci ya kwashe ta tun kafin Techiman. Mun sauka Asawase ana shirin magariba. Maimakon in tashe ta ta taka da ƙafarta yadda muka saba, sai na kwance gyalena na durƙusa, ƙanena ya ɗora mini ita. Jikinta ya sandare, na ji ta farka. Na tsaya cak ina jiran cizo. Can sai ta saki jiki, ta kwantar da kanta tsakanin kafaɗuna.

Mai kokon bakin lungunmu ta hango mu.

"Hajiya, wannan gandamemiyar? Ai ta wuce goyo!"

Na ce, "Nata goyon ne ba a ƙarasa ba."

Na tafi kai biri, na dawo da sanin cewa wanda aka yi ta miƙawa hannu-hannu ba sabon hannu yake nema ba. A ƙofar gida na ce wa ƙanena ya kira Tamale ya ba gwaggonta haƙuri, yarinya ba ta zuwa. Har yanzu tana ɓoye burodi, shekaranjiya ma ta ciji ɗan mai gidan haya. Zanen uwarta kuwa yana nan da warinsa da yagaggen gefensa. Ban wanke ba, ba kuma zan wanke ba sai ranar da ta kawo mini da kanta.