Furen Ceri a Tsakar Gidanmu na Fagge

Shekara talatin ke nan da muka kai Yaya Rakiya makwancinta. Duk shekara idan watan ya kewayo nakan yi mata sadaka in yi shiru. Bana na ga gara in rubuta, domin ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya, kuma akwai abin da ta yi a tsakar gidanmu na Fagge wanda har gobe idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha biyar. Da mahaifiyarmu ta rasu ita ta ƙarasa rainona. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gida ba ta sake ba. A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina ɗinki a bakin Kantin Kwari, ita kuma tana rainon yara a gidan wata mata 'yar Labanan, cikin waɗanda muke kira Kwarori, masu kantunan yadi. Madam Salma ake ce mata.

Wata rana ɗan'uwan Madam ya sauka a filin jirgi da ɗan kwandon 'ya'yan itace daga ƙasarsu. Su karaz suke kiransa, jikokina kuwa ceri suke cewa. Madam ta zuba wa Yaya guda bakwai a tafin hannu. Ta ci uku a can, ta ƙulle huɗu a bakin zane ta kawo mana ni da Baba. Girmansa bai wuce na kanya ba, ja ne har ya yi duhu kamar zoɓon da ya jiƙu sosai. Na ci nawa, na ce da daɗi, na tofar da ƙwallon. Ita ta sunkuya ta tsince, ta haɗa da sauran.

Madam ta ba ta labarin itacen. Ta ce a ƙauyensu da ke kan dutse, idan sanyi ya shigo sai ya zubar da ganye kakaf, ya tsaya cikin ƙanƙara kamar matacce. Da sanyin ya janye sai ya fito da farin fure tun kafin ganye, dutsen gaba ɗaya ya yi fari. Ta kuma gaya mata gaskiya: ƙwallon ba ya tsirowa sai ya yi wata uku cikin sanyi, kuma ko ya tsiro, Kano ba ƙasarsa ba ce. Yaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta nemi alfarma ɗaya. Ta zuba ɗanyen yashi a gwangwanin madara, ta binne ƙwallayen bakwai, ta roƙi a ajiye mata a cikin firijin gidan, irin mai aiki da kananzir.

Ba a rufa wata ba mijin Madam ya mayar da kasuwancinsa Ikko, aka sayar da kayan gida. Wata mata daga Sabon Gari ce ta sayi firijin. Da aka ɗora shi a amalanke, Yaya ta naɗe gwangwaninta da jiƙaƙƙen tsumma, ta bi bayan amalanken da ƙafa har ƙofar gidan matar da ba ta taɓa gani ba. Mama Ngozi ce, Ibo ce Kirista, tana sayar da lemo mai sanyi, mijinta kafinta ne. Ita da kanta ta ba ni labarin haɗuwarsu daga baya.

"Baiwar Allah, me ke cikin gwangwanin?" in ji Mama Ngozi.

"Yashi ne da ƙwallo bakwai."

"Magani ne?"

"Itace ne, barci yake yi. Sanyi yake so, ni kuwa ba ni da shi."

Mama Ngozi ta ce ta yi dariya har ta riƙe ciki. Amma ita ma ta taɓa kawo irin ganyen miyar garinsu ta shuka a bayan ɗaki ya ƙi, saboda haka ta san abin da ke ran baƙuwar. Ta buɗe firijin, ta ciro kwalabe biyu, ta ba gwangwanin wuri. Tun daga ranar Yaya ke tsallaka titi zuwa Sabon Gari sau biyu a mako don ta yayyafa wa yashin ruwa.

Biyu ne suka tsiro. Ɗaya bai ƙetare bazarar farko ba. Ɗayan ta dasa shi a gindin katangar da rana ke saurin bari, ta yi masa rumfar zana, ta binne tsagaggen tulu kusa da saiwarsa don ruwa ya riƙa tsatsowa a hankali. Ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, tana barbaɗa toka saboda gara. Ruwan kuwa daga famfon bakin titi take ɗaukowa a ka, safe da yamma. Idan damina ta wuce sai ta rage masa ruwa. Idan ɗari ya shigo sai ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ta tsinke da hannu, domin a cewarta shi baƙo ne, bai san lokacin barci ya yi ba sai an gaya masa. Ƙanƙarar da ta rage a firijin Mama Ngozi kuma takan ɗauko ta da sassafe cikin buhu, ta zuba a gindinsa ta rufe da dusar katako.

'Yan unguwa suka sa masa suna Ɗan Rakiya. Wasu da wasa suke faɗa, wasu da gangan, don sun san inda maganar ke taɓawa. Tana ji, ta ci gaba da ɗaukar ruwanta.

A shekara ta shida maganar aurena da Binta ta taso. Gidanmu ƙarami ne: zaure, ɗakin Baba, ɗakin Yaya, madafi, da wani ɗan ɗaki da muke tara itacen girki. Ni a zaure nake kwana. Filin da za a iya gina ɗaki ɗaya ne tak, nan inda itacen yake. Iyayen Binta sun tsayar da lokaci, kuma sun ce ba za a kai 'yarsu gidan haya ba alhali muna da gida. Baba ya tsufa, ya ce mu daidaita tsakaninmu. Na kawo magini ya auna da ƙafa ya tafi. Na yi wa Yaya magana sau uku, kullum amsarta ɗaya ce, in ƙara mata lokacin ɗari guda ɗaya kawai.

Wata safiya tana famfo na ɗauki gatari. Itacen a lokacin ya ɗan fi ni tsawo, ba ganye ko ɗaya, ba shi da maraba da busasshen reshe. Ina tsaye a gabansa ta shigo da ruwa a ka. Ta sauke bokitin, ta zo ta ɗan kankare ɓawon da farce. Ƙarƙashin ya fito kore shar, da danshi.

"Sule, yana da rai," in ji ta.

Na ce, "Yaya, itace ne fa, ba mutum ba. Shekara shida kina yi masa bauta, ko inuwa bai ba ki ba. Ko don ba ki da ɗan da za ki raina ne?"

Na fi shekara hamsin ina jin nauyin wannan maganar. Matar da ta goye ni na gaya wa haka. Ta karɓi gatarin daga hannuna ta jingine a bango, ta juye wa itacen ruwansa. Da na dawo daga kasuwa da la'asar na tarar ta kwashe itacen girki ta jibge a waje, ta shigar da akwatinta da tabarmarta da kwanukanta cikin ɗan ɗakin nan da ko miƙe ƙafa sosai ba a yi.

Ta ce, "Ga ɗaki nan. Ka shafe shi da farar ƙasa kafin a kawo 'yar mutane."

Haka aka kawo Binta ɗakin Yaya. Ɗarin shekarar kuwa ban ga irinsa ba kafin nan. Tsofaffi suna hura wuta a ɗaki, ruwan famfo yana cizon hannu, mu teloli sai rana ta ɗaga yatsunmu ke iya zura zare a allura. Yaya tana cikin ɗan ɗakinta da ƙofar buhu, tana tari, amma fuskarta a sake, don ta ce irin wannan sanyin baƙonta yake jira.

Da ɗarin ya fara sassautawa, rassan suka fito da wasu ƙananan ƙulli. Wata Lahadi na dawo daga sallar asuba, gari ya fara haske, Binta ta tare ni a bakin zaure ta ce a hankali, "Zo ka gani."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rassa biyu ne kawai suka yi, sauran suna nan tsirara. Amma a kan waɗannan biyun furanni ne farare tas, curi-curi, sun fito kai tsaye daga baƙin itace ba ganye ko ɗaya a tsakani. Ni tela ne, farin yadi iri-iri ya bi ta hannuna, ban taɓa ganin fari mai laushi irin wannan ba. Idan iska ta kaɗa sai su yi rawa kamar za su tashi. Kafin hantsi ƙudan zuma sun iso, Allah kaɗai ya san wa ya gaya musu. Yaya tana zaune a kan kifaffen turmi, hannuwanta a cinya, tana ta maimaita Subhanallahi can ƙasa-ƙasa. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Matan unguwa suka cika gidan, har da masu sa sunan. Baba ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ce maza ma su shigo su ga ikon Allah. Mama Ngozi ta zo daga coci da kayan adonta, ta tsaya ta yi addu'a irin tasu, sannan ta rungume Yaya suka yi ta dariya da hawaye. A kwana na uku labari ya kai Kantin Kwari, wani dattijo cikin Kwarorin ya sa na rako shi. Da ya shiga ya cire hularsa, ya tsaya a gaban itacen. Ya ce rabonsa da wannan fure tun yana saurayi a gidan mahaifiyarsa. Da zai tafi ya juyo wurin Yaya cikin ladabi ya ce kada ta sa rai da 'ya'ya, domin itacen ba ya haihuwa shi kaɗai sai da ɗan'uwansa a kusa.

Yaya ta gyaɗa kai ta ce, "Ai na ci 'ya'yan, Malam. Furen ne ban gani ba."

Kwana tara ya yi, sannan furen ya zube. Bai sake yi ba. Bayan shekara biyu wata bazara mai tsanani ta tafi da shi, ita da kanta ta sare kututturen ba tare da hawaye ba. A wurin na gina ɗaki na ba ta, a ciki ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Ranar da na nemi gafararta cewa ta yi ta manta maganar, na kuma san don ni ta faɗi haka.

Yau gidan babu shi. Kasuwa ta haɗiye layinmu, wurin ya zama ma'ajiyar atamfa, an malale ko'ina da siminti. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga tsakar gidajenmu na yanzu, inda ko bishiyar zogale ba a bar wa wuri ba. Kwanaki jikata ta kawo mini ceri daga wani babban kanti, a cikin roba, da sanyinsa. Na ba ta labarin, ta duba wayarta, nan take ta ce ai an rubuta ba ya yi a ƙasa mai zafi. Na ce gaskiya ne, an gaya wa Yaya ma tun ranar farko. Ina jin da tana nan za ta yi mamakin yawan abin da yaran nan suka sani, ta kuma yi mamakin yadda sanin yake hana su gwadawa.

Abin da zai fi ba ta mamaki, ina zato, shi ne nisan da ya shiga tsakanin Fagge da Sabon Gari, alhali titin nan ɗaya ne bai ƙara faɗi ba. Da gari ya rikice a shekarun sittin Mama Ngozi ta tafi garinsu da iyalinta, Yaya ta yi watanni ba ta da walwala. Da ƙura ta lafa ta dawo, kuma ranar rasuwar Yaya tana cikin matan da suka zauna makoki har kwana uku. Ban sani ba ko a yau wata za ta buɗe wa baƙuwa firijinta don ƙwallo bakwai a cikin yashi. Ina fata akwai.

Idan aka auna da abin da mutane ke bari, Yaya Rakiya ba ta bar komai ba. Ba ɗa, ba gida, ko hotonta ba mu da shi. 'Ya'yana da ta raina suna da hannun shuka, duk inda suka zauna sai ka ga wani abu kore a gindin bango, wannan dai nata ne. Sauran kuwa yana cikin idon waɗanda suka tsaya a tsakar gidan nan a kwanakin nan tara. Baba ya tafi, dattijon ya tafi, Mama Ngozi ta tafi, Binta ma ta riga ni shekara huɗu da suka wuce. Na duba na ga saura ni kaɗai, ni da na ɗauki gatari. Shi ya sa nake ba da shaida tun ina iyawa: a Fagge, cikin zafin Kano, wata mata da ba ta taɓa ganin dutsen ƙanƙara ba ta sa itacensa ya yi fure, kuma na gani da idona.

Allah ya jiƙan Yaya, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar.