Dashen Albasa a Danwarai

Shekarar da ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye, na bar aikina a birni na dawo Sabon Garin Jega don in yi jinyarta. Kowace safiya nakan murza mata hannu da ƙafa kamar yadda likita ya nuna mini, in yi addu'a, in duba ko yatsa ɗaya zai motsa. Wata ya shuɗe babu canji, har na fara jin haushin Allah.

Akwai wani dattijo Musulmi a Danwarai, abokin marigayi babana, wanda ya zo duba ta. Da ya ga yadda na rame, sai ya ce, "Ɗana, zaman ɗaki zai kashe ka kahin ita. Taho fadama, in ba ka kwami biyu, 'yan filaye a gonata, ka dasa albasa."

Ƙanwata ta karɓi jinyar safe, ni kuma na riƙa hawa babur zuwa gonarsa. Muka ciro 'ya'yan albasa daga wurin reno, sirara kamar tsinken tsintsiya, muka dasa, muka ba su ruwa. Washegari na tarar duk sun kwanta, bakin ganyen ya yi ɗorawa. Na tsuguna zan tono ɗaya in ga saiwar.

"Mi za ka yi?" in ji dattijon.

"Baba, sun mutu."

"Ba su mutu ba. Suna kama ƙasa ne. Kai dai ba su ruwa ka tahi gida. Abin da ke gudana a ƙasa ba aikinka ba ne, ba aikina ba ne."

Da yamma Mama ta nuna mini Littafi Mai Tsarki da hannunta mai lafiya, don a lokacin maganarta ba ta fita sosai. Na nemo misalin da Yesu ya bayar na mutumin da ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin yana tsirowa bai san ta yaya ba. Tun ina yaro nake jin wurin nan a coci, amma sai ranar na karanta shi da laka a farcena. Na ba Mama labarin albasata da ta kwanta, ta yi dariya da gefen baki ɗaya, dariyarta ta farko tun da ta faɗi.

Cikin mako albasar ta miƙe. Mama kuwa ta ɗauki lokaci. Hannun hagu bai dawo ba har ta bar duniya, amma kafin mu cire albasa tana takawa da sanda zuwa coci. Na daina tsare yatsunta da ido, ina murzawa muna hira.

Ranar da muka kwashe amfani, dattijon ya ɗaura buhu guda a bayan babur ɗina, ya ce in kai wa matar abokinsa. Mama ta sa aka raba wa maƙwabta, Kirista da Musulmi, har gidan mai gyaran keke na ƙarshen layi. Muka yi godiya ga Ubangiji, ƙanwata ta soya ƙwai da sabuwar albasa.