Sun shaƙe ginin Baba Nomau da siminti

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaura takalmi zan tafi lakwal, wato makarantar boko, sai ga kiran Tsahara. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Mushe," haka ake kiran malamin lakwal a nan, "Baba ya tahi."

Mahaifinta, Baba Nomau magini na nan Madarunfa, ya rasu bayan sallar asuba. Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Ba baƙin ciki kaɗai ke cina ba, haushi nake ji, kuma sai na faɗi dalili ko da ran wasu zai ɓaci.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsoho ne da ya haura casa'in, maƙwabcina tun ranar da aka turo ni garin nan koyarwa. Daminata ta farko ɗakina ya yi yoyo, na jera kwanoni har kan gado. Ya leƙo ya gani, ya yi dariya, ya ce ashe ruwa bai san mai ilimi ba. Ya sa aka kwaɓa ƙasa, ya tsaya da sandarsa yana nuna inda za a gyara bakin indararo. Har yau ɗakin bai sake ɗiga ba.

Na kai masa goro don godiya, ya ce in kai wa masu haƙora.

Duk ranar da masunta suka fito daga tafki da kifi mai kyau, sai na ga nawa a kwano, wai kar tuzuru ya mutu da garin rogo.

Yana saurayi, zamanin aikin dole, mutanen kumandan, Baturen mulkin Faransa, suka zo kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin hanya. Ya sulale da ƙafa, ya bi ta Jibiya ya faɗa Katsina, ƙasar Ingilishi kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. Can ma bai huta ba. Aka haɗa shi da masu taka ƙasa a wajen ginin Turawa. Daga taka ƙasa ya koma cura tubali, daga nan ya hau katanga, har ya kai shi ake kira in an zo ɗaurin rufi. Bai dawo gida ba sai dab da tafiyar Turawan.

Shekara bakwai da suka wuce na matsa masa sai ya kai ni na ga aikinsa da idona. Muna sauka tasha a Katsina na tsayar da adaidaita. Ya harare ni, ya ce shi ba yawon shan iska ya zo ba, in ina son ganin gini in taka.

Muka taka, tun hantsi har la'asar. Ni da ban kai rabin shekarunsa ba ni ke haki, shi kuwa ƙwas ƙwas da sandarsa, yana tsokanata wai alli ya cinye mini ƙarfi. Muka bi tsofaffin ofisoshi masu kaurin bango, da barandoji masu inuwa, da tagogin katako da suka sha fenti kan fenti. Duk inda muka tsaya sai ya ɗora tafinsa a bango, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Wannan lafiya lau yake. Wannan gara ta shiga azararsa. Wannan ba namu ba ne, bayanmu aka yi shi, dubi yadda kusurwarsa ta karkace.

Ya ce Bature kan zo da takarda da igiyar awo, wani na riƙe masa lema, ya zana abin da yake so ya koma inuwa. Sauran kuma ya rage ga masu laka a ƙafa.

Ƙarshen yawonmu shi ne wani tsohon gidan saukar baƙi na Turawa. Nan ne zuciyarsa take. Babban ɗakin tsakiya faɗi gare shi, babu ginshiƙi ko ɗaya. A takardar Bature ƙarfe za a kawo daga Ikko a ɗora rufin. Lokacin yaƙi ne, ƙarfe bai zo ba, damina kuma ta matso. Sai magina suka ce a bar musu. Suka tanƙwara rufin da azara, gaɓa gaɓa, suka ɗaure shi baka irin na zaurukan manya. Baba Nomau na cikin mutum huɗun da suka haɗa tsakiyar.

A bakin ƙofa akwai allon ƙarfe. Bai iya boko ba, ya ce in karanta masa. Na karanta: sunan Baturen da ya gina gidan, da shekarar.

Ya ce, "Na san shi. Ban taɓa ganin laka ga hannunshi ba."

Ni ne na tsaya ina huci. Shi hankalinsa ya riga ya tafi bayan gidan, inda muke jin ƙarar shebur. Muka zagaya, sai ga leburori sun kafa katakai suna yaɓa wa bangon siminti, wai gyara ake yi don masu zuwa kallon kayan tarihi.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A nan tsaye ya yi mini bayani: bangon ƙasa yana shan damshi da damina, ya fitar da shi da rani. Shi ya sa suke shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa, tana kare ruwan sama amma ba ta hana bango fitar da abin da ya sha. In ka rufe shi da siminti, waje zai yi sumul, ciki kuwa ya lalace kamar tuwon da aka ƙulle a leda da zafinsa.

Ɗan kwangilar da aka ba aikin na zaune a inuwar darbejiya yana kaɗa makullin mota. Bai wuce sa'an jikan Baba ba. Amma tsohon nan ya je ya rusuna, ya ce masa ranka ya daɗe, ya roƙe shi a dakata a ɓamɓare abin da aka yaɓa tun bai yi nisa ba.

Ko gilashin idonsa bai cire ba. Ya ce, "Baba, wannan ginin Turawa ne, ba rumbun ƙauyenku ba ne. Injiniya ya duba."

Sannan ya laluba aljihu zai ba shi sadaka.

Wallahi da Baba bai riƙe mini hannu ba, da ban san inda maganar za ta tsaya ba. Mutumin da ya ɗaure rufin da kake fakewa a ƙarƙashinsa, shi kake miƙa wa sadaka?

Da muka dawo na rubuta wa hukumar kula da kayan tarihi takarda har uku, wani abokin aikina ya juya mini su zuwa Ingilishi. Biyu an yi kunnen uwar shegu da su. Ta ukun wani ya kira ni, ba don komai ba sai don ya tambaye ni me ya haɗa ɗan Nijar da kayan tarihinsu. Lokacin da ake neman mai taka ƙasa babu wanda ya tambayi Baba takardar haihuwa.

Tun daga nan, duk sanda na shiga gaishe shi, bayan lafiya sai tambaya ɗaya: sun ɓamɓare? In ce tukuna. Ya ce ba komai, da sauran lokaci, bangon na da ƙarfi, ya san ƙasar da aka zuba masa.

A watan Agustan nan wani abokina na Katsina ya turo mini hoto. Gefen gabas ya zube, rabin rufin ya bi shi. Simintin na tsaye fanko, babu komai a bayansa. Allon Bature kuwa na nan daram.

Na bi bayanan mutane a ƙarƙashin hoton, duk bakinsu ɗaya: ai dama ginin ƙasa ba ya ƙarko. Gini ya yi shekara saba'in da ɗoriya yana shan damina bai ce uffan ba, kun shaƙe shi shekara bakwai ya faɗi, sannan laifin na ƙasa ne? Ku ji tsoron Allah.

Ganina da shi na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne. Yana kwance kan tabarma, Tsahara na yi masa fifita, muryarsa da ƙyar take fita. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kamo yatsana ya ce, "Mushe, sun ɓamɓare?"

Hoton na cikin wayata, wayar na aljihun rigata.

Na ce, "Sun ɓamɓare, Baba."

Ya lumshe ido, ya ce, "To madalla. A bar shi ya sha iska rani guda kahin a sa makuba. Ka hwaɗa musu kada su yi gaggawa."

Na ce zan faɗa musu.

Allah Ya jiƙan Baba Nomau, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Tsahara da sauran iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne. Ni ma ku sa ni a addu'a. Shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka ban taɓa yi masa ƙarya ba, sai a maganarmu ta ƙarshe.