Kiran Mamman Daga Agadas

Ban taɓa mantawa da wata Lahadi cikin kakar albasa ba, ranar da na wuni a zauren Alhaji Garba ina jiran waya ta yi ƙara. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kuna yi mini dariya wai Sahabi ba ya barin gidan mutum sai ya gwada abin da ya riga ya gwada. To ku ji wannan.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ɗan kamfaninmu yana kai intanet gidaje da shaguna ba tare da jan waya ba. Muna da dogon ƙarfe a cikin Illela. Sai mu kafa faranti a kan rufin mutum yana kallon ƙarfen, daga farantin kuma sai akwatin waifai a cikin gida. Injiniya Sa'adatu tana Sakkwato, ita ke tsara komai. Ni mai girkawa ne, iyakar karatuna firamare, abin da ta nuna mini shi nake yi, ba ƙari ba ragi. Da yake muna bakin iyaka, wayoyin mutane sukan tsallaka su kama sabis ɗin Nijar, shi ya sa 'yan kasuwarmu suka fi son kira ta intanet.

Alhaji Garba dillalin albasa ne, ni na girka masa akwatinsa. Ranar wata Alhamis ya aiko a kira ni, na same shi fuska a ɗaure. Yana da ƙane, Mamman, wanda ya tafi Agadas tun bayan rasuwar mahaifinsu, saboda wata magana da ta shiga tsakaninsu wadda ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Shekaru ba sa ko gaisawa. Dattawa sun sha wahala kafin Mamman ya yarda ya kira. Ya kira kuwa, Lahadin da ta wuce. Ya yi sallama, Alhaji yana amsawa, amma muryar ta yi ta yankewa har ta ɗauke. Can Agadas abin da Mamman ya ji shi ne shiru, sai ya ɗauka wansa ya ƙi amsa masa sallama. Da ƙyar aka lallashe shi ya ce zai sake gwadawa Lahadi mai zuwa bayan la'asar, in aka sake yi masa haka kuma kada wanda ya ƙara yi masa maganar gida.

Na duba akwatin, lafiyarsa lau. Matsalar ita ce Lahadi ranar kasuwa ce, zauren Alhaji cike yake da baƙi daga Ƙwanni da Kalmalo da Tozai, ga direbobi ga 'yan dako, kowa kuma yana da lambar sirrin waifai ɗin gidan. Wannan na kallon ƙwallo, wancan na sauke bidiyon wa'azi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, abu mai sauƙi ne. In canza lambar ranar Lahadi, kowa ya sauka sai kai."

Ya dube ni kamar na ce ya rufe randar ƙofar gida. "Mi kac ce? Baƙo na zaune zaurena in hana mai abin da na saba ba shi? Gobe a hwaɗi cikin kasuwa Garba ya tsiyace? Kai dai ka sa wayata gaba da ta kowa, shi ke nan."

Na fita waje na kira Injiniya. Ta bari na gama kame-kamena, sannan ta yi mini bayani a hankali, yadda ta saba.

"Malam Sahabi, duk abin da ke bi ta akwatin nan ana yayyanka shi ƙulli-ƙulli, su shiga layi. Ƙullin bidiyo in ya makara ba komai, hoton ya ɗan tsaya ya ci gaba. Ƙullin murya in ya makara ya lalace, zubar da shi ake yi. Shi ne yankewar da kuke ji. Maganin shi ne a sa wa kowane ƙullin murya alama, akwati da faranti in sun ga alamar su wuce da shi gaban layi."

Na ce Alhaji wayarsa yake so a sa gaba. Ta ce irin akwatin da ke gidan ɗaya yake ɗauka cikin biyu, ko a fifita wata waya, ko a fifita wani irin kaya. In na fifita wayar Alhaji, duk bidiyon buhunan albasa da abokan cinikinsa ke turo masa ranar kasuwa za su shiga gaba tare da muryarsa, su yi ta ture ta. "Ka sa wa murya alama, ko ta wane ce. Kuma ka gaya masa gaskiya, alamarmu iyakarta ƙarfenmu. Abin da ke tsakanin Illela da Agadas ba ya hannunmu."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni cin abinci.

Ranar Juma'a na yi aikin kamar yadda ta karanta mini, mataki bayan mataki, a akwati da faranti, ita kuma ta yi nata a kan ƙarfen daga can Sakkwato. Sannan na roƙi duk wanda ke zauren ya kunna bidiyo, na kira ta don gwaji. Ta ce in yi ta magana kada in tsaya. Na rasa abin faɗi, sai na shiga lissafa mata garuruwan da ke kan hanya daga nan zuwa Sakkwato, in na kai in juyo. Ta ce, "Ya isa, Malam Sahabi, ka kai ni Gwadabawa ka dawo da ni har na gaji da mota. Ba inda ta yanke."

Na koma na gaya wa Alhaji abin da na yi, don ba na iya ɓoye wa mai gida abin da na taɓa a akwatinsa. Bai ji daɗi ba.

"Wato ni da mai dakon albasata ɗaya muke?"

"In magana ake yi, i, ranka shi daɗe."

"To ka zo ran Lahadi ka zamna kusa gare ni. In ta yanke, ina son in ga idonka."

Na zo tun hantsi. Na hau rufi na duba farantin, na taɓa kowane kusa. Na duba batirin sola. Na sauko, sai na ji ban tabbata na ɗaure wata wayar farantin da kyau ba, na sake hawa. Wani direba ya ce, "Malam, ko tantabara kake kiwo can sama?" Aka yi dariya, ni ban iya ba.

Muka sallame la'asar. Alhaji ya zauna a kan darduma ya ajiye wayarsa a gabansa, ya kafa mata ido. Zaure cike, kowa ya sunkuya kan tasa. Wayar ta yi ta shigo da saƙonni, amma ba kira. Rana ta fara yin sanyi. Na ga Alhaji ya soma jan carbi da sauri.

Sai ga Baffa Dikko, tsohon Bafillacen da ke gadin gidan, wanda ya yi wa mahaifinsu kiwo tun su Alhaji suna yara. Ya shigo da wata waya mai fasasshen gilashi a kunne, yana cewa, "To, to, ga ni gabanai, ɗana. Bari tsoro." Ya miƙa wa Alhaji. "Mamman na. Ya ce in hwara duba mai huskarka."

Ashe Mamman bai iya kiran wansa kai tsaye ba bayan abin da ya faru. Ya kira mutumin da ya goye shi yana ƙarami.

Na ɗauka kiran zai yanke tunda ba wayar Alhaji ba ce, sannan na tuna ai wayar Baffa ma a kan akwatinmu take, murya kuma ba ta da mai ita a wurin akwatin. Alhaji ya karɓa da hannu biyu. Ina kusa, na ji sallamar Mamman sarai, na ji Alhaji ya amsa ta cikakkiya har da wa barakatuhu. Aka yi ɗan shiru, na zaci ta yanke, sai na ji numfashin Mamman a ciki, na gane wannan shirun nasu ne, ba namu ba. Alhaji ya ce, "Mamman, yaya iyali?" Ya tashi ya shige cikin gida da wayar.

Na jingina da bango. Waɗanda ke kallon ƙwallo ba su ma san an yi wani abu ba, sai ɗaya da ya yi tsaki wai hoto ya ɗan tsaya masa.

Alhaji bai fito ba sai dab da magariba, idonsa ja. Ya mayar wa Baffa wayarsa, ya ce Mamman zai zo da ƙaramar salla. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma tashi ka ci abinci, tun ɗazu kake kamar wanda anka kawo gaban alƙali." Na ci tuwon nan kamar ban taɓa ganin tuwo ba.

Da na bi umarnin Alhaji na sa wayarsa gaba, da wayar Baffa tana can ƙarshen layi, bayan ƙwallo da komai. Ba wayona ba ne, na Injiniya ne, ita ma ba ta san da Baffa ba, ƙa'idar aiki kawai ta bi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, za ku yi ta haɗuwa da masu gida da za su ce a fifita wayarsu, kuma kunya za ta kama ku. Ku yi musu bayani da ladabi, amma ku sa alamar a kan murya. Mutanenmu in magana ta yi nauyi ba kasafai suke shigowa ta ƙofar gaba ba, sai su biyo ta hannun wani tsoho, ko wata gwaggo, ko mai gadi. Ba ku san ta wace waya za ta zo ba, mai gidan ma bai sani ba.