Katin da Na Kasa Karanta wa Eulalie

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Satumba, ɗanki Armand ya kira ni ya ce kin cika da hantsi, a gidanki na unguwar Treme, bayan jinyar wata biyar. Ina tsaye a Dandalin Jackson lokacin, kusa da gurbin da teburinki yake.

Yaya Eulalie, shekara goma sha tara muna duba da katin tarot a wannan dandali, lemarki kusa da tawa. Ke kika koya mini abin da ake yi idan kati ya firgita mutum. Na tuna wani direban babbar mota da katin Hasumiya mai cin wuta ya fito masa. Gidansa ya tafi a ambaliya, yana ganin hoton ya firgita. Kika kife katin, kika tura masa ruwan sanyi, kika ce, "Ɗan'uwa, takarda ce, ba ta cizo. Me ka karya da shi yau?" Ya yi dariya hawaye na zuba, sannan ya ba ki labarinsa. Sa'a guda kina sauraro, masu jira suka gaji suka watse.

A watan Afrilu kika jawo kujera gabana, kin rame har zobenki na yawo a yatsa. Kika ce, "Noreen, yau ke za ki duba mini." Kati na uku da na buɗe, Mutuwa ce. Na faɗa wa ɗaruruwan mutane cewa wannan katin sauyi yake nufi. Amma ranar sai na tattare katunan da sauri, na ce ban cakuɗa su da kyau ba.

Kika dube ni, kika ce, "Ke dai matsoraciya ce, ƙanwata. Bar shi, wata rana."

Daga baya Armand ya gaya mini cewa daga wurin likita kika taho ranar. Kin riga kin san sakamakon. Hanyar fara maganar kike nema, ni kuma na rufe ta. Sau biyu kacal na je duba ki, na kai miki wake da shinkafa, na cika ɗakin da hirar 'yan yawon buɗe ido don kada mu yi shiru. Kin ƙyale ni, har kina taya ni dariya. Ban taɓa tambayarki ko kina jin tsoro ba. Wannan tambayar ce ke damuna yanzu, kuma babu wanda zai amsa mini.

Ki yafe mini, Yaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Armand, da ƙanwarki Celestine wadda ta yi jinyarki har ƙarshe, da dukan danginku na Guillory. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya ba ki hutu a wurinSa. Allah Ya ba su haƙurin rashinki, ni ma Ya ba ni.