Tambulan a Bakin Tabarma

A gidanmu na Shahuci, idan maza sun zauna cin abinci a soro, akushi ɗaya ne, moɗa ɗaya ce ke zagayawa. Amma akwai tambulan shida masu ruwan zinare a baki, waɗanda kakanmu ya zo da su daga Turabulus a bayan raƙumi. Suna kwance a adaka, ba sa fitowa sai an yi baƙon da ba a saba da shi ba. Karramawa ce, in ji manya. Ni dai na lura duk wanda aka ba tambulan, ba a kiransa akushi.

Shekarar da gari ya rikice, gabanin yaƙin basasa, ina sabon malamin makaranta. Ana farautar mutanen Gabas. Wani tela daga cikinsu, wanda ya daɗe yana yi wa Baba ɗinki, ya faɗo mana da hantsi ko takalmi babu. Baba ya ɓoye shi a ɗakin hatsi da ke jikin soro. Ladabi ya hana mu miƙa masa moɗa, sai Inna ta buɗe adaka.

Kwana na uku, bayan azahar, na kwaso kwanukansa, na manta tambulan a bakin tabarma da sauran ruwa a ciki. Sai ga sallama. Maƙwabcinmu ne, dattijo dillalin fata, wanda ɗansa ke cikin masu yawo da gora. Dattijon ya tarar muna cin abinci, ya wanke hannu ya sa a akushi, amma idonsa na kan tambulan.

"Alhaji, baƙo kuka yi ne?"

A ɗakin hatsi wani buhu ya motsa. Na kama tari, irin wanda ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda da shi ba.

"Baƙo kuwa," in ji Baba. Ya ɗauki tambulan ya miƙa masa. "Ga ragowarsa, Malam. In ka ga dama."

A unguwarmu, wanda ka sha ragowarsa ba ka nuna ƙofarsa. Dattijon ya daɗe yana juya gilashin a hannu. Ana jiyo ihu ta wajen Ƙofar Wambai.

"Haba Alhaji. Shekara arba'in muna tare, yau ni ake ba tambulan?"

Ya shanye, ya goge baki.

"Gobe jakunana za su fita da fata ta Ƙofar Dawanau, ina neman mai kora. A sa masa riga da hula. Kuma don Allah a koya masa sha da moɗa, kada ya tona mana asiri a hanya."

Da la'asar telan ya zauna cikinmu, hannu a akushi. Da moɗa ta zo kansa, ya jiƙa gaban rigar Baba da aka sa masa sharkaf.