Saniyar Da Ta Ci Fiffiken Jirgi

Duk lokacin da na ji ƙarar jirgin sama ya ratsa ta kan Illela, Inna Tumba nake tunawa, kakata wadda ta haifi babanmu. A Kalmalo muka tashi a hannunta. In ɗari ya shigo, ana gama tuwo sai ta ja mu bakin murhu, ta tura kara a wuta, ta binne mana dankali cikin toka. Yayana Garba, wanda take kira angonta, shi ke zama kusa da ita, wai don ya tsare amaryarsa, amma dankalin yake tsaro.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, sai dai akwai guda da kullum muke roƙo. In za ta fara ta, takan ɗaga yatsa ta ce: "Wagga ba ta Gizo ba ce. Da idona na gani, wanda bai yarda ba shi tashi shi ba ni wuri."

Ta ce tana yarinya, wata rana da hantsi, wani abu ya zo yana tari a sama, ya sauka a faƙon da ke bayan gonarsu. Fiffikensa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya kamar gado mai rumfa, an tokare su da sanduna, an ɗaɗɗaure da waya. A hancinsa akwai farfela ta katako, ƙafafunsa biyu kamar na keke. Bature ne ya fito daga ciki, ta cikin wani rami, kansa a waje babu ko rufi. Ashe mai ne ya ƙare masa. Da hannu da ido ya yi wa mai gari bayani, aka ba shi doki da ɗan rakiya, ya tafi Ƙonni neman mai. Mai gari kuma ya damƙa tsaron jirgin ga baban Inna, Tanko, tunda kusa da gonarsa ya sauka. Ya ce masa ko ƙura ta taɓa shi, wuyansa ne.

Tanko ya duba, ya ga yara sun fara taɓe-taɓe. A saninsa kuwa, wuri mafi tsaro a duniya shi ne garkensa, mai shingen ƙaya, inda dukiyarsa ke kwana. Sai ya tara maza, suka ɗaga wutsiyar jirgin, suka ji ba shi da wani nauyi, suka tura shi har cikin garke, aka mayar da ƙaya aka rufe. Shi kuma ya kwana a waje da sandarsa yana jiran ɓarawo.

"Ɓarawon kuwa yana ciki," in ji Inna, "da ƙahoni."

Babu wanda ya san fiffiken nan ba ƙarfe ba ne. Yadi ne aka ɗame bisa katako, aka shafe shi da wani magani har ya yi tauri kamar fatar ganga. Shanu suka sunsuna, ya yi musu kamar kanwa. Da gari ya waye, saniyarsu Kyalla ta cinye wuri a fiffiken ƙasa, har mutum na iya zura kansa, ga ƙyalle yana reto a bakinta.

A nan Inna kan tsaya ta juya dankali, mu kuwa mu yi ta roƙon ta ci gaba, ko da mun san ƙarshen. Ta ce mata suka fara kuka, domin a zamanin nan wanda aka tafi da shi Sakkwato a kan laifin Bature, ba a sa ranar dawowarsa. Uwarta ta ɗaure wa Tanko ƙunshin tufafi, ta ce ya bi ta bakin tafki ya ɓace wajen dangi kafin a dawo. Tanko ya ce in ya gudu, mai gari za a kama. "A gaban mutane aka ba ni, a gabansu zan mayar." Ya sa wa Kyalla igiya, ya tsaya da ita a gindin fiffiken.

Da azahar Baturen ya iso. Ya dubi ramin fiffiken, ya dubi saniya, ya dubi Tanko. Sai ya dafa gwiwa ya yi ta dariya har hawaye. Ya ɗauko yadi daga wani aljihu a jikin jirgin, da allura mai lanƙwasa, ya ɗinke, ya shafa maganinsa mai hawa kai. Tanko ya miƙa masa igiyar saniya a matsayin diyya, Baturen ya girgiza kai. Washegari ya kama farfela da hannu ya wulwula, ya nuna wa maza su riƙe fiffike har ya hau, abin ya tashi da facinsa.

Garba yakan tambaya, mi ya ba Baturen dariya? Inna takan ce ita ma ba ta sani ba, abin da ta sani shi ne babanta ya ci tuwo akushi biyu a ranar.

Ta rasu ba ta sani ba. Bara jikana ya nuna mini hoton irin jirgin a wayarsa, fiffike bisa fiffike, daidai yadda ta faɗa. Ya karanta mini cewa can ƙasar Turawa ma shanu sun sha cin fiffiken jiragen nan in an bar su a makiyaya. Na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi. Ashe gida Baturen ya tuna, shi ya sa ya yi dariya.

Da ina yarinya, saniyar nake jira a labarin. Yanzu Tanko nake gani, riƙe da igiya, hanyar gudu a bayansa. Da ya bi ta, da ya ƙare kwanakinsa yana ɓuya saboda ramin da allura ɗaya ta rufe kafin la'asar.